Daga Zubi Zuwa Bugu: Tarihin Shigar Tagulla Bakin Inji

Gabatarwa

Ɗan Adam ya fi shekara 5,000 yana sarrafa tagulla, kuma a mafi yawan wannan zamani mai tsawo zuba ta yake yi. A narkar da ita, a kwarara ta cikin mazubin yumɓu ko na dutse, a jira ta huce, sannan a fasa mazubin a fitar da abin da aka ƙera. Da haka aka yi gatari da ƙararrawa da igwa da mutum-mutumi. Tagullar da ke yawo a hannun jama'a yau kuwa, irin tsabar kuɗin da ke aljihu da ƙananan haƙoran da ke cikin soket da cajar waya, ta wata hanya dabam ta biyo. Inji ne ya buge ta daga falle, a sanyi, dubbai cikin awa guda, kowace ɗaya daidai da 'yar'uwarta.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka yi wannan sauyi tsakanin ƙarni na 16 da na 20, musamman a Faransa da Ingila da Jamus da Beljiyam. Abin da za ta nuna shi ne, ƙarfin inji shi kaɗai bai wadatar ba. Duk lokacin da aka ƙera sabon inji, sai an koma tukunyar narki an sake lissafin abin da ake haɗawa, domin kowane aiki da irin tagullar da ke karɓarsa.

Bayanin Kalmomi

Kalmar tagulla tana da faɗi a Hausa, domin takan ɗauki jan ƙarfe da duk abin da aka haɗa da shi. Saboda haka ya kamata a tantance abubuwa uku tun daga farko. Jan ƙarfe shi ne tsantsa, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Idan aka zuba masa kuza, ya zama tagullar kuza. Idan kuwa tutiya aka zuba masa, ya zama tagullar tutiya, wadda launinta ya fi karkata zuwa ruwan ɗorawa.

Aikin inji kuma iri biyu ne. Na farko shi ne bugu: a sa fallen ƙarfe tsakanin hatimi biyu masu tauri, a danna, a yanke shi ko a lanƙwasa shi ko a fitar masa da zane. Na biyu shi ne zurfafawa: a ɗauki falle zagayayye kamar faifai, a tura tsakiyarsa cikin rami har ya koma ƙoƙo mai zurfi, ba ɗinki ba walda. Domin sauƙin fahimta, ramin za mu kira shi turmi, sandar da ke tura fallen kuma taɓarya.

Zamanin Mazubi da Guduma

Akwai dalilin da ya sa tagullar kuza ta daɗe tana hannun masu zubi. Jan ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, kuma idan ya narke ba ya bin lungunan mazubi yadda ake so. Kuza tana rage zafin da ake buƙata, tana sa ruwan ya gudana, tana kuma ƙara wa abin da aka zuba tauri. Kayan Igbo-Ukwu na kudu maso gabashin Nijeriya, waɗanda aka ƙera wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, shaida ne ga irin ƙwarewar da masu zubi da kakin zuma suka kai.

Sai dai taurin nan yana da farashi. Muddin kuza ta haura kashi 10 cikin 100, tagulla takan fara ƙin bugu a sanyi. Tagullar ƙararrawa, mai kuza fiye da kashi 20, tana da zaƙin amo, amma idan aka matsa mata tsagewa take yi. Akwai kuma wata ɗabi'a da kowane maƙerin fari ya sani: ƙarfe yana ƙara tauri gwargwadon yadda ake bugunsa, har ya kai inda zai fashe, sai an mayar da shi wuta ya yi laushi kafin a ci gaba. A kan waɗannan abubuwa biyu, yawan kuza da taurin bugu, aka gina duk tarihin da zai biyo baya.

Kafin zuwan inji, guduma ce ke yin aikin. Mai buga kuɗi a daular Rum yakan ɗora gutsuren ƙarfe a kan hatimi, ya kifa wani hatimin a sama, ya sauke masa masaba. Ba a samun kuɗi biyu da suka yi daidai, gefensu kuma ba shi da ƙa'ida, shi ya sa 'yan damfara ke yanke bakin azurfa da zinariya ba a gane ba. A ƙasar Sin ma ba a wahalar da kai da bugu ba, zuba kuɗin tagulla aka ci gaba da yi har ƙarshen ƙarni na 19. Tasa da daro kuwa, a Turai manyan gudumomi da ruwan kogi ke juyawa ne ke fafe su. Wata masana'anta da aka kafa a Bristol ta Ingila a 1702 ta yi fice a wannan sana'a, kuma kaso mai yawa na tasoshinta gaɓar Afirka ta Yamma aka kai su, aka musanya su da bayi.

Zuwan Inji

Abu biyu suka buɗe sabon babi. Ɗaya shi ne injin murza, wanda ke bi da ƙarfe tsakanin gungume biyu masu juyawa har ya fito falle mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ɗayan shi ne injin matsi mai sukuru, wanda ke sauke hatimi a miƙe, ba karkata. Sarkin Faransa Henri na Biyu ya sa aka kawo irin waɗannan injuna daga birnin Augsburg na Jamus zuwa Faris a farkon shekarun 1550. Masu buga kuɗi da guduma suka ga abincinsu zai ƙare, suka tashi haiƙan har aka mayar da injunan gefe. Sai a 1645 Faransa ta hana bugun guduma baki ɗaya. Ingila ma ta gwada a 1561 ta janye, ba ta rungumi inji sosai ba sai a 1662. Wato kusan shekara 100 aka yi ana jayayya a kan abin da tun ranar farko an ga amfaninsa.

Daga gidan buga kuɗi dabarar ta fita zuwa kasuwa. A 1769 wani maƙeri a Landan mai suna John Pickering ya yi rajistar hanyar buga kayan ado daga siririn falle, kuma a shekarar Richard Ford na Birmingham ya faɗaɗa ta zuwa kayan girki. Cikin ɗan lokaci Birmingham ta cika da shagunan buga maɓalli da marfi da hannun ƙofa. A gefen wannan birni ne Matthew Boulton ya kafa gidan buga kuɗi na Soho wajen 1788, inda ya haɗa injin matsi da injin tururi na abokin kasuwancinsa James Watt. A 1797 gwamnati ta ba shi kwangilar buga kwabon jan ƙarfe mai nauyin giram 28. Kwabon ya fito zagayayye, gefensa sumul, ya yi wa masu jabu wuyar kwaikwayo. Matsalarsa ita ce nauyi da laushi: yana yaga aljihu, zanensa kuma yana gogewa. A 1817 Diedrich Uhlhorn a Jamus ya ƙera injin da ke matsi da gwiwar ƙarfe maimakon sukuru, wanda ya bazu a gidajen buga kuɗi na Turai. Inji ya kai inda ake so, saura ƙarfen da za a ba shi.

Darasin Ƙararrawa da Haɗin 1852

Faransa ta riga ta ɗanɗana kuskure a wannan fage. A 1791, ana tsakiyar juyin juya hali, ƙananan kuɗi suka yi ƙaranci, sai hukuma ta umarci a sauke ƙararrawar gidajen ibadar da aka rufe a buga kuɗi da su. Da aka sa tagullar ƙararrawa a bakin inji sai ta riƙa tsagewa, tana kuma lalata hatimi. Dole aka narkar da ita aka ƙara mata jan ƙarfe mai yawa kafin ta yarda, kuma duk da haka kuɗin suka fito da muni.

Bayan shekara 61 aka samo ma'aunin da ya dace. Dokar Faransa ta 1852 ta tsayar da haɗin ƙananan kuɗi a kan jan ƙarfe kashi 95, kuza kashi 4, tutiya kashi 1. Kuza kashi 4 ta isa ta ba kuɗi taurin da zai jure shekaru yana yawo hannu zuwa hannu, ba ta kuma kai yawan da zai hana shi karɓar zane ba. Tutiyar kuwa tana taimakawa wajen tsabtace narkin. An daidaita nauyin ta yadda kowane santim ɗaya giram ɗaya ne, santim 10 giram 10.

Ingila ta ɗauki wannan haɗi a 1860. Kwabonta ya sauko daga kusan giram 19 zuwa giram 9 da rabi, ya kuma fi na da ƙarko. Amma sauyin bai zo da sauƙi ba, domin tagullar ta fi jan ƙarfe tauri, hatimai suka riƙa fashewa, mai zanen kuɗin Leonard Wyon ya yi ta gyara zurfin zanensa kafin aiki ya miƙe. Amurka ta bi sahu a 1864. Daga nan haɗin Faransa ya zama abin koyi a ƙasashe da dama har tsawon fiye da ƙarni guda.

Zurfafawa da Kwanson Harsashi

Bugun kuɗi danna fuska ne kawai. Zurfafawa ta fi shi wuya nesa ba kusa ba. Yayin da taɓarya ke tura faifan cikin turmi, gefen faifan yana matsewa domin da'irarsa na ƙanƙancewa, bangon ƙoƙon kuma yana miƙewa. Idan aka sake gefen, sai ya tattare kamar bakin zane. Idan aka danne shi fiye da kima, sai gindin ƙoƙon ya ɓarke. Saboda haka ake sa wani zobe ya riƙe gefen da matsi madaidaici, a kuma shafa mai. A bugu ɗaya, faɗin faifai ba ya wuce kusan ninki biyu na faɗin taɓarya. Mai son zurfin da ya fi haka sai ya maimaita da turmi mafi ƙanƙanta, yana mayar da ƙoƙon wuta tsakanin kowane mataki.

A nan tagullar kuza ta ja baya, 'yar'uwarta ta tutiya ta wuce gaba. Kuza tana da tsada, kuma tana sa falle saurin tauri. Tutiya kuwa tana da araha, jan ƙarfe yana iya shanye har kusan kashi 35 nata bai rasa laushinsa ba. Haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 ya fi kowane miƙewa ba tare da yagewa ba, har aka laƙaba masa sunan tagullar harsashi.

Yaƙi ne ya ingiza wannan fasaha. Kwanson harsashi yana da aiki mai wuya: lokacin da albarushi ya tashi dole ya kumbura ya toshe bayan bindiga, sannan nan take ya koma yadda yake domin a iya zare shi. Sojan Ingila sun daɗe suna amfani da kwanson da aka naɗe daga siririn falle, kamar yadda ake naɗe tabarma. A yaƙinsu da dakarun Mahadi a Sudan a 1884 da 1885, zafi da yashi suka sa irin wannan kwanso yana maƙalewa cikin bindigar Martini-Henry ana tsakiyar artabu. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa a 1885 aka koma kwanson da aka zurfafa daga faifai ɗaya. Bindiga mai sarrafa kanta ta Hiram Maxim, wadda ta fito a 1884, ba za ta yi aiki ba sai da kwanso irin wannan, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da na gabansa. Ita aka harba a Omdurman a 1898, ita kuma aka kawo Kano da Sakkwato a 1903. Ɗalibin tarihin mulkin mallaka ya kamata ya san cewa rinjayen da aka gani a waɗannan fagage yana da saiwa a ɗakin injin zurfafawa.

Ko wannan haɗi ma ya zo da nasa ciwon. A Indiya an lura kwanson da aka ajiye lokacin damina yana tsagewa da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Sai a 1921 masu bincike a Ingila suka bayyana dalili: zurfafawa tana barin wani ɗauri a jikin ƙarfen, iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiyar kuma tana cin sa ta wannan ɗauri. Maganin shi ne a ɗan gasa kwanson da wuta marar ƙarfi bayan an gama ƙera shi.

Dawowar Tagullar Kuza

Da a ce labarin ya tsaya nan, da tagullar kuza ta ƙare a kuɗi da ƙararrawa. Abin da ya dawo da ita shi ne wani gwaji da aka yi a yankin Liège na Beljiyam wajen 1870. Georges Montefiore-Levi da abokin aikinsa Künzel suna neman tagullar da za ta fi ƙarfi wajen zuba igwa. Sun gane cewa iskar da narki ke sha tana haɗuwa da kuza ta bar wani datti mai gautsi a cikin ƙarfen. Da suka zuba ɗan sinadarin fosfaras, sai ya janye wannan iska, tagullar ta fito da tsabta da ƙarfi da juriya. Abin da ke saura na fosfaras a ciki bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Kasuwar igwa ta kuɓuce musu, domin igwar baƙin ƙarfe irin ta kamfanin Krupp ta riga ta karɓe fage. Amma a 1876 Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho, aka shiga neman waya mai ɗaukar lantarki wadda ba ta tsinkewa ba ta kuma tsatsa. Montefiore-Levi ya yi arziki da wannan waya, ya kuma kafa makarantar koyon aikin lantarki a Liège a 1883.

A nan ne taurin bugu, wanda a da ake gudunsa, ya zama abin nema. Tagullar fosfaras mai kuza kashi 5 zuwa 8, idan aka murza ta a sanyi, takan zama kamar baka: a tanƙwara ta, ta koma, sau dubbai ba ta gaji ba. Lantarkin da take ɗauka bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 na abin da jan ƙarfe tsantsa ke ɗauka ba, amma jan ƙarfe idan ya lanƙwashe ba ya dawowa. Duk inda ake son ƙarfe ya riƙe wani ƙarfen gam, wuta kuma ta ratsa, kamar makunni da soket da mahaɗar wayoyin mota, ita ake nema. Ana buga irin waɗannan kaya daga dogon falle mai kama da ɗamara, wanda ke ratsa jerin hatimai: wannan ya huda, na gaba ya yanke, na gaba ya lanƙwasa, kowane saukar inji kaya ɗaya ya faɗo. Mai sassaƙa hatimin dole ya san cewa fallen zai ɗan koma baya idan an sake shi, saboda haka yakan wuce kusurwar da ake so da ɗan kaɗan.

Awo Ya Maye Gurbin Ido

Maƙerin da yakan gane ƙarfe ya yi da launin wuta da amon guduma. Masana'anta mai fitar da kaya miliyoyi ba za ta dogara da idon mutum ɗaya ba. A 1864 Henri Tresca ya gabatar wa masana a Faris sakamakon gwaje-gwajensa, inda ya nuna cewa ƙarfe daskararre yana gudana kamar ruwa idan matsi ya kai wani mizani. A 1901 Carl Edvard Johansson na Suwidin, wanda ya yi aiki a masana'antar bindigogi, ya yi rajistar wasu ƙananan tubalan ƙarfe na awo, waɗanda suka ba maƙeran hatimi na garuruwa dabam-dabam damar aiki da ma'auni ɗaya. Jim kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, A. M. Erichsen ya fito da gwajin da har yau ake yi: a danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 20 a jikin falle har ya tsage, a auna zurfin da ya kai. Daga baya H. W. Swift na Jami'ar Sheffield ya tsara gwajin zurfafa ƙoƙo. Da waɗannan, mai sayen falle ya sami damar sanin halinsa tun kafin ya sa shi a inji.

Inda Tarihin Ya Taɓo Mu

Yankinmu ba baƙo ba ne ga kuɗin jan ƙarfe. Ibn Batuta, da ya sauka Takedda ta yammacin Agadas a 1353, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana ciniki da shi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Kuɗin bugun inji kuwa da Turawa suka zo. A 1907 aka fara buga kwabo mai huda da anini domin ƙasashen da Ingila ke mulki a Afirka ta Yamma, wasu a Landan wasu a Birmingham, kuma daga 1952 aka mayar da su na tagulla. Ita kanta kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe na Ingilishi Hausa ta aro ta. Ghana a 1958 da Nijeriya a 1959 duk sun fitar da kwabonsu na tagulla. A lokacin kuwa kuzar Jos ɗanya ake lodawa zuwa Ingila, ta dawo a matsayin kaya ƙerarru.

A ɓangaren sefa, dala da dala biyu da dala biyar da ake kashewa a Nijar an yi su ne da jan ƙarfe haɗe da sanholo, haka ma tsofaffin na Kamaru da Chadi. Babu kuza a cikinsu, amma har yanzu tagulla ake kiran haɗin. Tasoshin inji masu araha kuma sun rage wa maƙeran fari kasuwa, suka fi karkata ga kayan ado da kayan doki da na sarauta, inda mai saye ke neman aikin hannu.

Kammalawa

Idan aka jera matakan nan za a ga kowanne yana da haɗinsa: kuza fiye da kashi 20 ga ƙararrawa, kashi 4 ga kuɗi, kashi 5 zuwa 8 da ɗigon fosfaras ga kayan lantarki, tutiya kashi 30 ga abin da za a zurfafa. Ba a kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba sai bayan asara, ko ta kuɗin da suka tsage, ko ta hatimin da ya fashe, ko ta bindigar da ta cije. Tsadar jan ƙarfe ta sa Amurka a 1982 da Ingila a 1992 suka bar tagulla a ƙananan kuɗinsu, suka koma wa ƙarfe mai araha da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A cikin kayan lantarki kuwa buƙatarta ƙaruwa take yi, kuma har yanzu mai ƙera mahaɗar waya, kafin ya kunna inji, sai ya fara tambayar kashi nawa ne na kuza a cikin fallen da aka kawo masa.